Tuntuɓe Gushin Gaba: Labarin Masinjan Da Ya Gina Fada Shi Kaɗai

A ƙasar Faransa, wajen kudu maso gabas, cikin lardin da a ke kira Drôme, akwai wani ƙaramin gari na manoma mai suna Hauterives. Yana kudu da babban birnin nan na Liyon, a bakin wani rafi da a ke ce da shi Galaure. In da don girman garin ne, da ba mu da dalilin ambatonsa a wannan shafi. Amma duk shekara mutane fiye da 100,000 su kan niƙa gari daga ƙasashe dabam dabam su tafi can, don su ga wani gini guda ɗaya da ke tsaye cikin wani lambu. Wanda ya fara ganinsa ya kan rasa sunan da zai kira shi da shi. Ga hasumiyoyi, ga ginshiƙai, ga lunguna kamar kogon dutse, ga siffofin mutane da na dabbobi da na itatuwa sun hau juna tun daga ƙasa har bisa, ba inda za ka aza tafin hannunka ba ka taɓa wani ado ba. Mutum guda ne ya gina shi da hannunsa cikin shekara 33. Shi kuwa masinjan gidan waya ne, mai yawo da jakar wasiƙu ƙauye ƙauye, wanda bai taɓa zama gaban magini ko masassaƙi ya koyi sana'a ba.

Mun zaɓi mu ba ku labarinsa, ku 'yan makaranta, domin akwai wata tambaya a cikinsa wadda ta raba kan masanan Faransa shekara da shekaru. Mutumin da ba shi da malami, ba shi da takardar shaida, in ya yi abin da ba a taɓa yin irinsa ba, gwani za a ce da shi ko mahaukaci? Ku biyo mu a hankali, in mun kai ƙarshe kowa ya yanke nasa hukunci.

Asalinsa

Sunansa Ferdinand Cheval. A bakin Faransawa a kan ji sunan kamar Shabal, ma'anarsa kuwa doki. An haife shi ran 19 ga watan Afrilu 1836 a wani ƙauye mai suna Charmes, ba nisa da Hauterives. Iyayensa talakawa ne, manoma. Uwarsa ta rasu tun yana yaro. Ya ɗan taɓa makaranta har ya iya karatu da rubutu da ɗan lissafi, amma bai yi zurfi ba, har ya tsufa rubutunsa bai rabu da kurakurai ba. Yana da shekara 13 aka kai shi gidan mai gasa burodi don ya koyi sana'a. Waɗansu sun ce kwaɓin fulawar nan da ya yi yana yaro shi ya horar da hannunsa ga kwaɓin gini da ya zo ya yi bayan shekaru masu yawa.

Ya yi aure a 1858. Ɗansa na fari ya rasu yana ƙarami, matar kuma ta rasu a 1873, ta bar shi da ɗa guda. Kafin wannan rashi, a 1867, ya shiga aikin gidan waya, a 1869 kuwa aka ba shi yankin Hauterives. A nan ne kuma ya ƙare rayuwarsa.

Ya kamata mu bayyana muku irin aikin nan, don kada ku zaci zaman ofis ne. Masinjan ƙauye na wannan zamani da ƙafa ya ke tafiya. Da sassafe ya kan karɓi jakarsa, ya bi gonaki da tuddai da kwaruruka, gida nan gida can, ya miƙa wasiƙu, ya karɓi waɗansu, ba ya komowa sai da yamma. Zagayen Cheval ya wuce kilomita 30 a yini, watau kusan mil 20, da zafi da ruwan sama, da hunturun ƙasar Turai mai zubar da ƙanƙara. In mun ƙaddara kwana 300 kawai ya ke fita a shekara, ya taka kilomita 9,000 ke nan. Kewayen duniya kuwa kilomita 40,000 ne. Ashe ke nan kafin shekara biyar ta cika ya yi tafiyar da ta isa ta zagaya duniya, alhali kullum hanya guda ya ke bi. Lalle sunan doki bai ɓata ba.

Mafarki da tuntuɓe

Mai tafiya shi kaɗai ba ya rasa abokin hira, zuciyarsa. Cheval ya faɗi da kansa, cikin takardun da ya bari na labarin rayuwarsa, cewa a cikin tafiyar nan ya kan riƙa gina wata fada a ransa, ya tā da hasumiya nan, ya haƙa kogo can, ya dasa lambu, don ya rage wa kansa nisan hanya. Bai gaya wa kowa ba, don tsoron kada a yi masa dariya, shi kansa ma abin ya kan ba shi kunya. A kwana a tashi har mafarkin ya fara shuɗewa.

Ran nan cikin watan Afrilu 1879, yana da shekara 43, yana sauri a kan hanya, sai ya yi tuntuɓe da wani dutse har ya kusa kifewa. Wani da ya yi tsaki ya wuce. Shi kuwa sai ya juyo don ya ga abin da ya tare shi. Ya tono dutsen, ya ga siffarsa abin mamaki, hawa hawa, a murɗe, kamar wani ya zauna ya sassaƙa shi da gangan. Irin dutsen yashin nan ne wanda ruwa ya daɗe yana lasa har ya fitar masa da siffa. Ya ɗauke shi ya tafi da shi gida. Kashegari ya koma wurin, ya tarar da waɗansu da suka fi na jiya kyau. Nan take tsohon mafarkinsa ya faɗo masa. Ya ce a ransa, tun da ya ke ruwa da ƙasa sun ɗauki nauyin sassaƙa, shi sai ya ɗauki nauyin gini.

Hausawa sun ce tuntuɓe gushin gaba. Dutsen nan yana nan har yau, Cheval ya ɗora shi bisa soron fadar, inda duk mai hawa zai gan shi.

Yadda ya yi aikin

Da fari cikin aljihu ya ke zubo duwatsun, har aljihunan suka gaza. Ya koma ɗauka da kwando a baya. Da abin ya ƙasaita sai ya nemi baro. Dabararsa ita ce, da rana in yana rabon wasiƙu ya kan tsince duwatsun da suka yi masa, ya tara su tsibi tsibi a gefen hanya. In ya gama aikin gwamnati da yamma, maimakon ya miƙe ƙafa ya huta, sai ya tura baro ya koma ya kwaso su, wani lokaci tafiyar kilomita da dama. Sa'an nan in dare ya yi ya kunna fitila ya shiga gini.

A shekarar 1878 ya sake aure, matar kuwa ta zo da 'yar dukiyarta, wadda ta taimaka wajen sayen filin. Duwatsu kyauta ne, amma farar ƙasa ta kwaɓi da siminti sai da kuɗi, daga cikin ɗan albashinsa na masinja ya ke saye. Bisa ga lissafinsa, buhu 3,500 na farar ƙasa ginin ya ci. Inda ya ke son reshen itace ko wani abu siriri ya tsaya a sama ba tare da ya karye ba, sai ya sa waya ko sandar ƙarfe a ciki, ya lulluɓe da siminti, ya gyara siffar da hannu. Ba wanda ya nuna masa wannan. Gwaji ne, in ya rushe ya sake.

To, me maƙwabta suka ce? Abin da za ku zata. Suka ce masinja ya taɓu, yana cika lambunsa da duwatsu. Ya zama abin nuni a gari. Shi da kansa ya rubuta cewa an yi ta yi masa dariya, amma da aka ga haukan nasa ba mai cutar kowa ba ne, ba a kira masa likitan mahaukata ba, aka ƙyale shi. Kada mu yi saurin zargin mutanen nan. Manomi ya san amfanin rumbu, ya san amfanin katanga. Amma ga mutum mai iyali, mai ƙaramin albashi, yana zuba kuɗinsa da barcinsa cikin ginin da ba shi da ɗakin kwana, ba shi da madafa, ba a ajiye ko akuya a cikinsa. Da a unguwarmu ya ke, da wuya mu ce ba za mu yi dariyar tare da su ba.

Shekara 17 ya yi yana haɗa aikin nan biyu, rabon wasiƙu da rana, gini da dare. A 1896, yana da shekara 60, ya yi ritaya, ya ba da dukan lokacinsa ga ginin. Ya gama a 1912. Ya rubuta lissafin wahalarsa a jikin bango: kwana 10,000, awa 93,000, shekara 33. Ku ɗauki allo ku raba awoyin nan da kwanakin, za ku sami awa 9 da 'yan mintoci a kowane yini na aiki. Baron da ya yi ta turawa kuwa bai manta da shi ba. Ya yi masa alkuki na musamman a jikin fadar, ya ajiye shi tare da sauran kayan aikinsa, ya rubuta masa yabo kamar yadda a ke yi wa amini.

Abin da ke cikin fadar

Tsawon ginin mita 26 ne, kamar ƙafa 85 ke nan, tsayinsa kuwa kimanin mita 10 zuwa 12 a inda ya fi bisa. Fuska huɗu gare shi, kowace da irin nata ado.

Fuskar gabas ita ya fara, ita ce kuma ta fi cin lokacinsa, wajen shekara 20. Ya soma da wani marmaro wanda ya yi wa ado da katantanwa da ƙwanson bakin teku, ya sa masa suna Maɓuɓɓugar Rai. Daga nan ya yi ta ƙari hagu da dama. A gefe guda ya gina wani abu mai kama da kabarin sarakunan Masar na dā. A ɗaya gefen ya tsai da ƙattai uku, dogaye ƙwarai, jikinsu duk tsakuwa, su ne masu gadin fadar. Na ɗaya Yuliyas Kaisar ne, jarumin Rum wanda ya ci ƙasar Faransa da yaƙi tun kafin a san ta da wannan suna. Na biyu Vercingetorix, shugaban mutanen ƙasar wanda ya yi tsayayya da Kaisar har aka kama shi. Na uku Arkimidis, masanin lissafin nan na Yunanawa. Ku duba, mai ci da wanda aka ci da mai ilmi, masinja ya jera su kafaɗa da kafaɗa ya ba su aikin dogarai a ƙofarsa. Kusa da su akwai wata hasumiya wadda ya ɗora wa itatuwan dabino na siminti.

Fuskar arewa ta cika da dabbobi da macizai da tsuntsaye, ga barewa, ga kada, ga ƙwasaƙwasa, kamar kurmi ya daskare ya zama dutse. Fuskar yamma kuwa ta fi sauran natsuwa. A nan ya yi alkukai manya manya a jere, cikin kowane ya gina ƙaramin misalin wani gini na wata ƙasa: ɗakin ibada na Hindu, da gidan katako irin na mutanen duwatsun Suwizalan, da wani gida na birnin Aljiyas, da ganuwar sarakunan Turai na zamanin dā. A wannan gefe har wa yau akwai masallaci da hasumiyarsa. Ta nan a ke shiga wani dogon zaure mai tsawon mita 20, bangonsa duk siffofin dabbobi, har da giwa da raƙumi. Akwai matakala da ke kai mutum bisa soro, inda zai tsaya ya hangi karkara. Ko'ina a jikin ginin ya rubuta maganganu, waɗansu kan haƙuri da aiki, waɗansu kan gajartar rai, waɗansu kuwa na alfahari ne tsantsa, yana sanad da mai karatu cewa duk abin nan aikin baƙauye guda ne.

Ba a kwana cikin fadar nan, shi kansa bai taɓa zama cikinta ba. An yi ta don a zagaya, a duba, a karanta.

Ina ya ga waɗannan abubuwa?

Watakila ku tambaya, mutumin da bai je Indiya ba, bai je Masar ba, ina ya san siffar gine-ginensu? Amsar tana cikin jakarsa. A zamaninsa aka yawaita buga mujallu masu hotuna a Faransa, irin su Le Magasin pittoresque, masu nuna ƙasashe da gine-gine da namun daji na nesa. Wajen ƙarshen ƙarnin kuma katin gidan waya mai hoto ya yaɗu. Waɗannan duka ta hannun masinja su ke bi kafin su isa ga masu su. Masinjoji dubbai sun ɗauki irin takardun nan sun miƙa, ba abin da ya maƙale musu. Shi kuwa ya duba, ya riƙe a ka, ya yi ta juya su cikin tafiyarsa.

Bai kwaikwaye su daidai da daidai ba, ba shi ma da hanyar yin haka, gama hoto ƙarami ba ya nuna bayan gini ko cikinsa. Abin da hoto bai nuna ba sai ya cike daga zuciyarsa, da kuma abin da siffar dutsen da ke hannunsa ta ba shi. Shi ya sa masallacinsa ba ya kama da wani masallaci da ke duniya sosai, haka kuma kabarinsa na Masar. Magini mai ilmi ya san ƙa'idar kowane irin gini, ya san wanda ba a gama shi da wani. Cheval bai san waɗannan iyakoki ba, saboda haka ya tara duniya duka a lambu guda, addini kusa da addini, ƙasa kusa da ƙasa. Abin da masana suka fara ƙi a aikinsa ke nan, shi ne kuma abin da waɗansu masanan suka zo suka fi so daga baya.

Baƙin ciki da kabari

Kada ku zaci shekarun nan 33 cikin kwanciyar rai ya yi su. A shekarar da ya yi tuntuɓe, 1879, aka haifa masa 'ya mace, Alice, ta tashi tare da ginin, tana girma yana girma. A 1894 ta rasu, tana da shekara kamar 15. Rashin nan ya girgiza shi ƙwarai. Gidan zama da ya gina kusa da fadar ya sa masa suna Alicius don tunawa da ita. A 1912, shekarar da ya aza dutsen ƙarshe, ɗansa namiji ya rasu. A 1914 matarsa ta bi. Ya binne mata biyu da 'ya'yansa duka.

Kafin wannan, duniya ta fara jin labarinsa. A 1904 wani mawaƙi mai suna Émile Roux-Parassac ya ziyarci wurin, ya yi masa waƙa, daga cikinta aka sami sunan da a ke kiran ginin da shi har yau, Palais idéal, watau fadar da zuciya ke buri. Tun daga 1905 baƙi suka riƙa zuwa kallo, jaridu suka buga labari, aka yi katin gidan waya da hoton fadar. Ku ga yadda al'amari ya juya: mai raba hotunan gine-ginen waɗansu, ga shi nasa ginin ya shiga jakar masinjoji.

Amma akwai buri guda da ya saura. Tun da fari nufinsa a binne shi cikin fadar, a ƙarƙashin kabarin nan irin na Masar, kamar yadda Fir'aunoni suka yi wa kansu. Hukuma ta hana, domin doka ba ta yarda a binne mutum a nan ba, sai a maƙabarta. Yana da shekara 78 a lokacin. Tsoho mai waɗannan shekaru, wanda ya rasa mata da 'ya'ya, in ya zauna ya naɗe hannu ba mai ganin laifinsa. Sai ya sake jawo baro. Ya nufi maƙabartar garin, ya shiga gina kabarin iyalinsa da irin adon fadar, har ma ya fi ta murɗe-murɗe. Shekara 8 ya yi yana wannan, daga 1914 zuwa 1922, ya sa masa suna Kabarin Shiru da Hutu Mara Ƙarewa. Ya gama yana da shekara 86. Ran 19 ga watan Agusta 1924 ya rasu, yana da shekara 88, aka sa shi a inda ya shirya wa kansa.

Gardamar masana

Bayan rasuwarsa ginin ya zauna a hannun jikokinsa. Waɗanda suka fara ɗaukarsa da daraja su ne waɗansu mawaƙa da masu zane na birnin Faris, waɗanda ke ganin mafarki shi ne tushen fasaha. Shugabansu André Breton ya je ya gani, ya yi wa Cheval waƙa. Max Ernst ya yi wani hoto da sunansa a 1932. Picasso ma, wanda sunansa ya game duniya, ya yi zane-zane don girmama shi.

A 1945 wani mai zane, Jean Dubuffet, ya ƙaga suna don irin wannan aiki, ya kira shi art brut, watau ɗanyar fasaha, wadda makaranta ba ta dafa ba. Ya yi ta tara ayyukan mutanen da ba su koya wurin kowa ba, da na fursunoni, da na masu jinya a asibitin taɓin hankali. Tarin nasa yana birnin Lozan na Suwizalan, inda aka buɗe masa gida a 1976. A 1972 wani malami Bature na Ingila, Roger Cardinal, ya rubuta littafi kan wannan, ya kira ta fasahar bare, watau ta waɗanda ke wajen da'irar masu sana'a. Da aka sami suna sai aka lura ashe Cheval yana da 'yan'uwa a wurare da yawa. A birnin Los Anjalas na Amurka wani lebura mutumin Italiya, Simon Rodia, ya gina hasumiyoyi na ƙarfe da siminti da fasassun tangaran daga 1921 zuwa 1954, shi ma shekara 33. A birnin Chandigarh na Indiya wani mai duba hanyoyi, Nek Chand, ya fara a 1957 yana gina lambun mutum-mutumi a ɓoye cikin daji da tarkacen da aka zubar, shekara 18 kafin hukuma ta gano.

Duk da haka fadar Cheval ba ta tsira da sauƙi ba. Gini ne na duwatsu da siminti da waya, ruwa da sanyi suna cinsa, in ba a sa shi cikin kayan tarihin da gwamnati ke tsarewa ba, wata rana sai ya zube. Da aka kai maganar ma'aikatar al'adu ta Faransa, yawancin masanan da ke can suka ƙi. Wani rahotonsu ya ce abin mummuna ne ƙwarai, tarkacen shirme ne da ya cakuɗe cikin kan baƙauye. Ku lura da kalmar nan ta ƙarshe, gama ita ce gindin maganar. Sun dubi asalin mai ginin kafin su dubi ginin. Amma Ministan Al'adu na lokacin, André Malraux, wanda shi kansa babban marubuci ne, ya tsaya kai da fata, ya ce a fagen gini ba a da wani misali irin wannan na fasahar wanda bai koya ba. A 1969 aka sa fadar cikin kayan tarihin ƙasa, daga baya aka yi mata gyara. Tun 1994 ta zama mallakar garin Hauterives, garin da kakanninsa suka yi wa mai ita dariya.

Abin lura

To, kun ji labari. Mun yi alkawari kowa zai yanke nasa hukunci, amma ba laifi mu faɗi namu.

Kada wani yaro ya karanta wannan ya ce ashe makaranta ba ta da amfani. Ɗan karatun nan da Cheval ya samu kafin ya kai shekara 13, shi ya buɗe masa mujallun da ya ga duniya a ciki, shi ya sanad da shi Kaisar da Arkimidis, da shi kuma ya rubuta lissafinsa a bango har mu ke karantawa yau. Da ɗan kaɗan ya yi wannan. Ku da ke da malamai da littattafai da taswira a bangon aji, an ba ku ninkin abin da aka ba shi.

Abin da ya fi mu da shi biyu ne. Na ɗaya, ya kan tsaya ya duba. Dutsen nan ya daɗe a kan hanya, mutane nawa suka taka shi suka wuce. Na biyu, ya kan koma gobe. An ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya, ga shi mun ga baro guda ya gina fada.

Akwai kuma gargaɗi a cikin labarin, wanda ya fi shafarku. Yawancinku in kun gama makaranta za ku zama malamai, ko akawuna, ko ma'aikatan hukuma, watau za ku zauna a kujerar masu rubuta rahoto. Wata rana za a kawo gabanku aikin wani wanda bai shiga aji ba, maƙeri ko magini ko mai ɗinki ko wata tsohuwa mai zanen ƙwarya, wanda ya yi abin da ba ya cikin littafinku. Watakila shirme ne, gama ba duk mai tara duwatsu ne Cheval ba. Amma kafin ku sa hannu a takarda, ku tashi ku je ku duba aikin da idonku, ku zagaya shi gaba da baya, sa'an nan ku tambayi mai shi shekara nawa ya yi yana yinsa.